Sulken zobba a ƙarƙashin farantan ƙarfe: cikakkiyar riga zan sa, ko facin hammata da siket da kwala?

Sabon_Mahayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin wannan harka. Ana ƙera mini sulken faranti irin na Italiya, na wajajen 1460 zuwa 1470, da kwalkwali mai rufe fuska gaba ɗaya. Wuri biyu nake son amfani da shi: kwaikwayon yaƙi a ƙasa, irin yaƙe-yaƙen basasar Ingila na wancan zamani, sannan idan horo ya yi nisa in shiga karon mashi a kan doki, da mashi mai kan itacen balsa, wani itace marar nauyi mai saurin karyewa, tukuna.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sulken zobba da ake sawa daga ciki. Wasu sun ce in sayi cikakkiyar riga mai hannu in sa a ƙarƙashin komai, shi ke nan na huta. Wasu sun ce a'a, gunduwa-gunduwa ake sawa, wato faci a hammata, siket a ƙugu, kwala a wuya. Wanne ya dace da wannan zamani, kuma wanne ya fi tsare jiki? Masu sayarwa suna da zobba masu faɗin rami milimita 9, da 8, da 6, ban san ko bambancin ya kai a damu da shi ba. Akwai kuma waɗanda ba su da ƙusa, an haɗa bakinsu ne kawai. Tunda yawancinsa a ɓoye yake, ko su ma za su yi? Sannan yaya ake maƙala su a jikin rigar ciki, kuma mutum zai iya zama a sirdi da siket ɗin ba tare da ya takura ba? Na gode.

Maƙerin_Zobba:

Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da zobba masu haɗin baki, don nan ne babu ja-in-ja. Kada ka saya, araha ba ta ado. Zoben da aka lanƙwasa aka haɗa bakinsa kawai babu abin da ke riƙe shi sai taurin wayar. A hammata kuwa, duk ɗaga hannun da za ka yi jan zoben kake yi, bakin farantin ƙirji na gugarsa ta ƙasa, farantin damtse na cizonsa ta sama. A hankali bakin zai buɗe, zobe ɗaya ya zame, maƙwabtansa huɗu su saki, sai rami ya fito a daidai wurin da aka sa sulken dominsa. Masu yin sa sun san haka, shi ya sa suke amfani da waya mai kauri, sai ya zo ya fi mai ƙusa nauyi alhali bai kai shi ƙarfi ba. Zancen "a ɓoye yake" ma ka ajiye shi. Ɓangaren da ke kwance ƙarƙashin faranti ba shi da wani aiki. Mai aikin shi ne wanda ya leƙo waje, kuma shi tsinin makami ke samu.

Sulken yaƙi na Turai mai ƙusa ne. Ana ɗora bakin zoben biyu a kan juna, a daɓe, a huda, a sa 'yar ƙusa a danne, kuma kowane zobe yana ratsa huɗu, biyu a layin sama, biyu a na ƙasa. A ƙarnonin baya an fi yin layi ɗaya mai ƙusa, layi ɗaya na rufaffun zobba da aka hudo daga faranti. A ƙarni na 15 da kake nufi, yawancin abin da ya saura a gidajen tarihi duk zobbansa masu ƙusa ne, kuma ƙusar mai siffar ɗan weji ce, kanta ya fito ta fuska ɗaya, ɗaya fuskar a shafe. To fuskar mai kan ƙusa ita ke kallon waje. Idan ka juya ta ciki, za ta riƙa cin rigarka kamar sandfefa. Garuruwan Jamus irin su Nurembag da Isalon sun yi suna a wannan sana'a, har wasu maƙeran kan sa zoben tagulla guda ɗaya mai ɗauke da sunansu ko sunan garinsu a jikin rigar.

Batun riga ko gunduwa, ni ina bayan gunduwa. Sulken faranti na fagen yaƙi yana kai kilo 20 zuwa 25, amma nauyinsa a rarrabe yake, wani a ƙugu, wani a ƙafa, wani a hannu. Cikakkiyar rigar zobba za ta ƙara maka wajen kilo 8 zuwa 10, kuma kusan duka a kafaɗa zai rataya. Facin hammata biyu da siket da kwala sukan tsaya wajen rabin haka. Ban da nauyi, rigar da aka saya a shirye ba ta da tsukakken ƙugu, kamar buhu take. Idan aka ɗaure farantin ƙirji da na baya a kanta, rarar sai ta tattare a ƙugu, daidai inda farantin ya kamata ya zauna. Sakamakon shi ne farantin ya daina hawa ƙugu, ya koma rataye a kafaɗa, numfashi ya yi wuya. Ko rigar ta zauna lafiya lau, tana ƙara wa kewayen jiki santimita 2 zuwa 3. Don haka duk wanda ka zaɓa, ka gaya wa mai ƙera maka faranti tun bai ɗauki awo ba.

Girman zobe ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfin saƙar yana zuwa ne daga yadda kaurin waya ya dace da faɗin rami. Milimita 9 da siririyar waya saƙa ce mai manyan idanu, tsinin alƙalami ma yana shiga. Ga hammata da wuya ka nemi milimita 6, in ba a samu ba 7. Ka sani cewa daga 9 zuwa 6 yawan zobba a fili ɗaya ya ninka fiye da sau biyu, aikin ma haka. Siket kuwa milimita 8 ya isa, don faɗinsa da yawa, ƙananan zobba za su ƙara masa nauyi ba tare da wata babbar riba ba.

Abu na ƙarshe da sababbi ke yawan kuskurewa: saƙar zobba tana da bi, kamar yadi. Ta gefe ɗaya tana miƙewa sosai ta dawo, ta ɗaya gefen kusan ba ta motsi. A gangar jiki da siket, layukan suna kewaya jiki a kwance, yadda zobban za su rufu da nauyinsu, su buɗe idan ka ja numfashi ko ka buɗa ƙafa. A rigunan Turai layukan nan suna wucewa kai tsaye su bi tsawon hannu, shi ya sa a ƙarƙashin hammata ake samun mahaɗa inda layukan jiki da na hannu suka gamu a gicciye. Facin da ba shi da wannan mahaɗa, wanda aka yanko shi fale-fale mai kusurwa huɗu, ko dai ya hana ka ɗaga hannu, ko ya dunƙule a hammata idan ka sauke.

Tela_Mai_Basilla:

Abin da Malam Maƙeri ya faɗa haka yake. Sai dai kafin ka sayi ko zobe ɗaya, rigar ciki za ka fara gyarawa, don ita ce ginshiƙin komai. Ba lifidi mai kauri ake nufi ba. Lifidi mai kauri na wanda ba shi da faranti ne. Wannan riga ce matsattsiya, yadin lilin mai ƙarfi ninki 3 zuwa 4, da ɗan ƙarin ninki a kafaɗa da ƙugu, ta kama ƙugu sosai yadda za ta ɗauki nauyin farantan cinya, ramin hannunta kuma a yanke shi can sama, ya shige cikin hammata. Idan ramin hannun ya sauko ƙasa irin na kwat, duk lokacin da ka ɗaga hannu rigar gaba ɗaya za ta biyo shi, ta jawo farantan ƙafa sama. Babu facin da zai zauna a kan irin wannan riga.

Akwai wani rubutun hannu na Ingila daga ƙarni na 15, yana ɗakin karatu na Morgan a Amurka, wanda ya bayyana yadda ake shirya mutum don faɗa a ƙasa. A ciki an ce a ɗinka facin zobba a jikin rigar, a lanƙwasar hannu da ƙarƙashin hammata, igiyoyin ɗauri kuma su zama na zare mai ƙarfi irin na tsarkiyar baka, a shafa musu kaki don kada su miƙe ko su tsinke. Haka kuma akwai zanen wani barde da Moroni, mai zane ɗan Italiya, ya yi, daga tsakiyar ƙarni na 16, a babban gidan zane-zane na Landan, inda ake ganin zobban a ɗaure da igiyoyi a jikin rigar fata. Ke nan ɗinki da ɗauri duka suna da asali.

Ga yadda ake fitar da awo. Ka sa rigar, ka ɗaura farantin ƙirji da na baya da na hannu da na kafaɗa, duka yadda za ka sa su a fili. Wani ya riƙe alli. Ka ɗaga hannu sama kamar za ka kai sara, ya zana duk inda yadi ya bayyana. Ka miƙa hannu gaba, ya zana ta baya, don nan ne gibi ke buɗewa tsakanin farantin baya da na kafaɗa. Ka buɗe hannu gefe, ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka yi kamar ka riƙe linzami, ka yi kamar ka matse mashi. Idan an gama, ka ƙara santimita 5 a kewayen zanen gaba ɗaya. Wannan ƙarin shi zai shige ƙarƙashin faranti. Ƙasa da haka, bakin facin zai riƙa fitowa yana hawa kan farantin ya maƙale. Fiye da haka da yawa kuma kana ɗaukar nauyin banza. Ka fitar da wannan siffa a tsohon yadi, ka gwada ta da fil, sannan a yanka zobba a kanta. Idan farantin damtsenka buɗaɗɗe ne ta ciki, facin ya sauko har ya wuce lanƙwasar gwiwar hannu da kamar yatsu uku.

Wajen ɗinki, kuskuren da ya fi yawa shi ne a shimfiɗa riga a tebur, hannunta a sauke, a ɗinka. Ranar da aka sa, hannu ba zai wuce kafaɗa ba. Mai rigar ya sa ta, ya ɗora tafin hannunsa a kansa, a kama facin da 'yan ɗaurin zare a wurare shida ko takwas yana cikin wannan hali, zobban a ɗan sake, ba a ja su har ƙarshe ba. Ya sauke hannu a duba ko rarar ta kwanta lafiya. Sai a cire a ɗinka. Zaren lilin mai kauri, a ninka biyu, a ja shi a kakin zuma. A bi kowane zobe na baki, kuma a ƙulla bayan kowane biyar ko shida, don idan wuri ɗaya ya tsinke kada duk layin ya warware. Baki kawai ake ɗinkewa. Tsakiyar a bar ta tana yawo, in ba haka ba saƙar ba za ta iya miƙewa ba.

Ɗinki kai tsaye ya fi kwanciya, amma yana da aibi guda: ba ka iya wanke rigar sai ka farke. Mafita ita ce a ɗinka zobban a kan shafin lilin nasu, a naɗe bakin da siririyar fata, a yi ramuka, a ɗaura a riga da igiyoyi takwas zuwa goma kowane gefe. Ya ɗan fi kauri, amma ana kwance shi cikin minti kaɗan, kuma shafin ne ke shan baƙin mai da tsatsa, ba rigar ba.

Barden_Shinge:

Ɗan'uwa, tunda ka ambaci doki, akwai abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu. Zobba ba sa tare duka. Yanka suke tarewa, da tsini gwargwado. Nauyin mashi da gudun dawakai biyu idan ya sauka a kan zobba, ƙashin da ke ƙasa ne zai karɓe shi, ko zobe ɗaya bai tsinke ba. Don haka a karon mashi aikin zobba shi ne tare tsagin itace da kan mashin da ya zame bayan ƙarfinsa ya ragu. Duk gibin da mashi zai iya samu kai tsaye, faranti ko garkuwa ne maganinsa. Wanda ke da irin wannan gibi ya ce zobba za su rufe masa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka duba yadda karon yake. Mahaya suna wuce juna hagu da hagu, shinge a tsakani, mashi a hannun dama ya gitta ta kan wuyan doki. Duka yana sauka a hagu: garkuwa, kafaɗa, gefen kwalkwali. Amma mashin da bai kama ba ba ya tsayawa a nan. Ko ya zame sama ya nufi maƙogwaro, ko ya bi santsin farantin ƙirji daga hagu zuwa dama. Dama kuwa ita ce gefen da aka yanke farantin kafaɗa don mashinka ya samu wurin shiga, ga hannunka a ɗan buɗe. Shi ya sa hammatar dama, wadda mutane ke ɗauka tana nesa da haɗari, take buƙatar facin da ya fi kyau. Kuma wannan facin ne ke shan matsa tsakanin gindin mashi da haƙarƙari, don haka a duba shi bayan kowace rana ta horo. Ka lura kada zobban su kai ga ƙugiyar da mashi ke hawa a jikin farantin ƙirji. Idan suka maƙale a nan lokacin sauke mashi, hannu zai tsaya a rabin hanya.

Kada balsa ta ruɗe ka. Tana karyewa da sauƙi, gaskiya ne, amma takan tsage a karkace ta bar tsini, kuma a bayanta akwai bututun haɗi da sandar mashin kanta mai tauri, waɗanda ke ci gaba da tahowa bayan kan ya fashe. Nan ne amfanin milimita 6 ke fitowa: siririn tsagi yana ratsa idon babban zobe ba tare da ya taɓa ƙarfe ba.

Kwalar wuya ta kasu biyu. Akwai ɓangaren da ke tsaye a wuya, akwai wanda ke kwanciya a kan ƙirji da kafaɗa. Na da suna yin na tsayen da zobba masu kauri da ƙaramin rami, saƙar ta cushe har ta tsaya da kanta. Na kasuwa yawanci laɓe-laɓe ne, yana zubewa ya bar maƙogwaro a fili. Idan irinsa ka samu, a yi masa shafin lilin ninki 3 ko 4, a ɗinka bakin sama a jikin shafin, sannan a ratsa siririyar igiyar fata ta cikin layuka biyu ko uku na sama don ya yi tauri. Tsayinsa ya kai ƙarƙashin haɓa idan kai na miƙe, yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Maɗaurinsa ya kasance a baya ko a dama, kada ya zo hagu ko gaba. Ka gwada shi da kwalkwali a rufe, don kwalkwalin Italiya irin naka yana kama muƙamuƙi da wuya sosai, kuma kwala mai kauri tana iya hana farantan kumatunsa haɗuwa. Idan ba su haɗu ba, kwalar za a rage, ba a bar kwalkwali a ɗan buɗe. Sarki Henri na Biyu na Faransa a 1559 tsagin mashi ne ya shige masa ta murfin fuska, ya rasu bayan kwana goma. Irin wannan wuri babu zoben da ke tsare shi, sai murfi mai kulle da ƙarin farantin da ake ɗaurawa a gaban haɓa.

Siket kuma, awonsa a zaune ake yi, ba a tsaye ba. Ka hau sirdin da za ka yi amfani da shi, ƙafa a likkafa, a auna kewayen cinyoyi a inda bakin siket zai tsaya. Za ka ga ya fi awon tsaye nesa ba kusa ba. Siket ɗin da ya sauko sambal kamar bututu zai hau sama ya taru a cinya, ko ya ɗaure ƙafafu ka kasa kama doki. Ana buɗa shi ne da ƙarin zobba: a layi huɗu, biyu gaba biyu baya, a ƙara zobe ɗaya bayan kowane layi huɗu na kwance, sai ya riƙa faɗi yana sauka. Tsawonsa ya rufe matsematsi a tsaye, ya haɗu da saman farantin cinya, shi ke nan. Bayansa ya ɗan fi gaba gajarta, ko a tsaga shi, don kada ka zauna a kai. Zama a kan zobba yana cin fatar sirdi, yana sa santsi, kuma ƙusoshin suna shiga jiki. Saboda wannan dalili gajeren wandon zobba, wanda yake da kyau ƙwarai ga faɗan ƙasa, ban ba ka shawararsa a kan doki ba. Sirdin karo mai dogon gaba yana tsare mara da saman cinya fiye da yadda zobba za su yi. Ka rataye siket ɗin a rigar ciki da igiyoyi takwas a daidai ƙugu, sama da inda igiyoyin farantan cinya suke, kada su riƙa cin juna.

Mai_Bin_Zane:

Ina da ɗan gyara ga maganar Malam Maƙeri, don kada mai tambaya ya ɗauka cikakkiyar riga kuskure ce a tarihi. Ba kuskure ba ce, musamman ga salon Italiya. A zane-zanen Italiya na ƙarni na 15 ana yawan ganin gajeren hannun zobba mai faɗi ya sauko a kan farantin damtse, ƙarƙashin farantin kafaɗa, wani lokaci har da bakin siket biyu, ɗaya a kan ɗaya. Wannan yana nuna ko dai riga ce a ciki, ko hannayen zobba da suka rufe kafaɗa da saman ƙirji. Bambancin shi ne rigunansu an ɗinka su ne daidai jiki: a rage zobba a ƙugu, a ƙara a allon kafaɗa, a sake buɗawa a kwatangwalo. Irin wannan riga ba ta tattarewa.

Don haka idan siffar Italiya sak kake so, akwai hanya ta tsakiya. Hannayen zobba guda biyu, kowanne ya rufe kafaɗa da hammata da damtse, a haɗa su da maɗauran fata ta gaba da ta baya, ciki da tsakiyar baya a bar su babu komai. Ya fi facin hammata nauyi kaɗan, amma ba ya barin gibi a saman kafaɗa idan farantin ya goce, kuma ba a ɗinka shi a riga. Sai dai ka tambayi ƙungiyar da za ka shiga dokokinta kafin ka kashe kuɗi, don kowace tana da nata sharuɗɗa a kan irin zobe da irin ƙarfe.

Sabon_Mahayi:

Allah ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Na tsaya a kan hannayen zobba na milimita 6, kwala mai shafi, da siket na milimita 8, kuma zan sanar da maƙerin faranti tun yanzu. Saura abu ɗaya. Masu sayarwa suna da baƙin ƙarfe mai maiƙo, da mai rufin tutiya, da wanda ba ya tsatsa, da alminiyam. Wanne zan ɗauka, kuma me zan yi masa idan ya iso kafin in kusantar da shi ga riga?

Maƙerin_Zobba:

Malam Mai Bin Zane ya yi gaskiya, na karɓi gyaran, kuma zaɓin da ka yi ya dace da salon.

Alminiyam ka fitar da shi daga lissafi, na ado ne, yana da laushi, kuma yana bar wa yadi baƙi. Wanda ba ya tsatsa yana rage wahalar kulawa, amma ƙyallinsa ba irin na da ba ne, yana da wuyar gyara, kuma wasu ƙungiyoyi ba sa karɓarsa. Mai tutiya yana da launin toka da wari idan ya haɗu da gumi. Ana iya cire tutiyar da jiƙa shi a ruwan khal kwana ɗaya ko biyu, a waje inda iska ke wucewa, cikin bokiti marar murfi, don yana fitar da iskar da ke kama wuta. Daga nan a ɗauraye da ruwan bekin soda, a busar nan take, a shafa mai. Kada ka taɓa ƙona shi don cire tutiyar, hayaƙinta yana sa zazzaɓi mai tsanani. Mafi sauƙi ka ɗauki baƙin ƙarfe tun farko.

Yawancin na kasuwa daga Indiya yake zuwa, cike da maiƙo. Ka wanke shi da kananzir ko ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka, sau biyu ko uku. Idan ruwa ka yi amfani da shi, busarwa ba ta jira, cikin ɗan lokaci tsatsa ke bayyana. Sai ka zuba shi a buhu mai ƙarfi ko ƙaramar ganga da busasshen yashi, a yi ta mirginawa. Haka na da suke yi, a ganga. Wannan yana cire tsatsa, yana kuma kashe kaifin gefen zobban da ke yanka zare. A kakkaɓe yashin sosai.

Bayan haka sai aikin da ba wanda ke so amma ba makawa. Ka rataye kowane gunduwa a gaban haske, ka bi shi layi-layi. Kana neman zoben da ba shi da ƙusa, da wanda ƙusarsa ta shiga amma ba a danne ta ba, da wanda ya tsage a gefen hudar, da wanda ya ratsa uku maimakon huɗu. Duk wanda ka gani ka ɗaura masa jan zare ka wuce, in ka gama sai ka dawo ka canza su gaba ɗaya. Ka sayi rarar zobba da ƙusoshi daga wuri ɗaya don girman ya zo daidai, da awartakin danne ƙusa mai ɗan rami a leɓe ɗaya. Ramin yana zama ta gefen da tsinin wejin zai fito, shi ke dunƙule shi ya zama kai. Filaya mai shafaffen baki tana lanƙwasa ƙusar ne kawai, daga baya ta fita.

Mai kaɗan ake shafawa: a ɗiga a tsumma, a sa zobban da tsumman a buhu a girgiza, sannan a goge da busasshen tsumma har ya daina baƙi. Bayan kowace fita ka raba zobba da riga a ranar, don gishirin gumi ne ke kawo tsatsa, ka shanya kowanne daban. Kada ka ajiye su a leda, tana riƙe danshi. Ka naɗe su a tsohon yadi mai ɗan mai, ka sa rarar zobba goma da ƙusoshinsu da awartakin a jakar da kake tafiya da ita fili.